Auta da Shahon Kasuwa

Duk wanda ya ba ka labarin ƙanwata a Zongo, ce maka zai yi tsuntsu ne ya kira ta. Wasu sun ce a cikin littafin abin yake. Wasu sun ce tun tana ciki aka shafe ta, shi ya sa bakinta ya yi nauyi. Duk ba haka ba ne. Ba abin da ya kira ta, ba abin da ya shafe ta. Yarinya ce ta ga hoton abu a takarda, tana so ta gan shi da idonta, kuma a duk Kwatano wuri ɗaya ne ake ganinsa kusa. Iyakar maganar ke nan. Na faɗa har bakina ya gaji, kuma duk faɗar da na yi sai in ga na ƙara tura ta rami.

Auta muke ce mata, don daga ita Inna ba ta sake haihuwa ba. A lokacin ta kusa shekara goma, tana maimaita aji, karatu ya ƙi shiga. Ga in'ina. In madam, malamar ajinsu, ta ce ta tashi ta karanta, sai ta kafe a harafin farko, 'yan aji su yi ta dariya har ta zauna. Da aka kira iyaye ni na je, tunda Faransancin Inna na ciniki ne kawai. Madam ba ta ɓoye mini ba. Ta ce in yarinyar nan ba ta iya karatu ba kafin kompozisiyon, wato jarrabawar ƙarshen shekara, ita ba ta san abin da za ta sake yi ba.

Shi kuwa Baba ya san abin da zai yi. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, yana ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa zuwa arewa, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. Yana da yaya a wani ƙauye bayan Kandi, Goggo, wadda 'ya'yanta duk sun watse, kullum tana neman yarinyar da za ta zauna da ita. Ya sha faɗa cewa in boko ya ƙi Auta, ai ba a dole, Goggo na nan. Na san ƙauyen. Akwai rijiya, akwai gero, akwai awaki. Yarinyar da ta shiga gidan Goggo ta gama da lakwal, ba ita ba makarantar boko.

Ni na bar lise, wato sakandare, saura kaɗan in kai aji na ƙarshe, ina zaman kabin, wani ɗan shago a bakin titi, ina sayar da kiredin waya da tura kuɗi. Da yamma nakan zaunar da ita in koya mata. Ba ni da haƙurin koyarwa, Allah bai ba ni ba. In na nuna mata kalma sau biyu ta kasa, sai hannuna ya kai kanta kafin in yi tunani. Ta yi kuka, Inna ta yi faɗa, a tashi.

Wata rana na bi ta Tokpa-Hoho, wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa, ina neman na koyon karatu irin na 'yan aji ɗaya. Hadari ya haɗo, mai littattafan yana ta tattara kaya cikin buhu, ya ce babu. Na ga wani mai kauri da manyan haruffa, bangonsa ya soma ɓallewa, da hoton wani tsuntsu ya ware fikafikai. Na ce ba ni wannan, ai duk haruffa ne. Ban ko buɗe shi ba. Sai a gida na ga na yara ne, a kan tsuntsaye masu farauta: shaho, gaggafa, mikiya, mujiya, ungulu. A shafin farko akwai hatimin wani ɗakin karatu na ƙasar Turawa, wani yaro kuma ya yi wa ungulu gemu da alƙalamin bik.

Na jefa mata a tabarma na ce, "Ga shi nan. In kin ga dama ki ci."

Kwana kaɗan ina wanke-wanke sai ga ta da littafin a buɗe, yatsanta a kan layi.

"Yaya, wa-wannan fa?"

Wata doguwar kalma ce mai nufin faɗin fikafikai daga wannan baki zuwa wancan. Ni kaina sai da na duba hoton kafin na gane. Na faɗa mata, ta maimaita, ta koma. Can ta dawo da wata. Kafin sati ya zagayo na ji ta a bayan ɗaki tana karanta layi guda cur, a hankali, ba tsayawa. Na tsaya da bokiti a hannu. Ban ce mata komai ba, tsoro nake kada in yi magana abin ya gudu.

Daga nan gidanmu ya cika da labarin tsuntsaye. Inna tana sayar da shinkafa da wake a ƙofar gida, Auta za ta tsaya a kanta tana zuba. Wai ba da baki shaho ke kama abinci ba, da ƙafa ne. Wai mujiya tana haɗiye ɓera dungurungum, daga baya ta amayar da gashin da ƙashin a dunƙule.

"A kan abincina za ki yi mini wannan ƙazantar?" in ji Inna.

"Inna, kin san ma-macen ta fi namijin girma?"

"A gidan wa? Matsa ki ba ni wuri."

A lokacin dariya ake yi. Har masu sayen abinci sukan tsokane ta, su ce malama, yau wane tsuntsu za a ba mu.

Matsalar littafin ɗaya ce. Tsuntsayen cikinsa na wata duniya ne. Suna zaune a kan duwatsu masu ƙanƙara, suna kama wani irin kifi da ban taɓa gani a kasuwa ba. Wata Laraba da yamma, da yake ba a komawa lakwal, tana zaune a kabin ɗina ta dame ni da tambaya, wai ina namu suke. Na nuna mata sama. Da rani shirwa ba ta rabuwa da shawagi a saman ruwan lagun, har ta kan Zongo takan wuce.

Ta ce, "Wannan ai ɗi-ɗigo ne. Ƙafar nake so in gani."

"To ki hau sama."

Wani ɗan zem, cikin masu acaɓan da ke tsayawa a inuwar kabin, yana jiran in tura masa kiredi, ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, in shaho kike son gani har da ƙafa, ki je layin masu kawuna. Akwai shi ɗanye, akwai busasshe."

Na ce ya rufe mana baki, ya ɗauki wayarsa ya tafi. Na manta da maganar. Ita ba ta manta ba.

Layin masu kawuna wani lungu ne can cikin babbar kasuwa, inda ake sayar da kayan haɗin bokaye: kan biri, busasshiyar hawainiya, fatar maciji, kan ungulu jere a kan tebur. Mutanen Zongo ba sa zuwa wurin. Haka ake faɗa. Waɗanda suke zuwa kuma ba sa gaisawa in sun haɗu.

Abubuwa suka fara faruwa waɗanda ban haɗa su ba. Ranar Laraba Auta takan ɓace sai la'asar sakaliya, ta ce tana gidan ƙawarta. Inna tana ƙorafin ɗanyen naman miya yana raguwa, har ta jefi kyanwar maƙwabta da murfin tukunya. Yarinyar ta rage surutu, amma karatun yana ƙaruwa, don haka ban damu ba.

Sai ga Hajiya mai turare, maƙwabciyarmu, ta shigo wata Alhamis da hantsi. Na dawo ɗaukar caja na tarar da ita a kan kujerar Inna, ta cire takalmi, alamar zaman ba na tashi ba ne.

Ta ce, "Ni dai ba don zumunci ba da ban zo ba. Jiya na ga 'yarki da kakin lakwal, a tsugune a layin masu kawuna. Gaban wani tsuntsu. Tana ba shi nama da tsinke, tana yi masa magana."

Inna ta saki ludayi.

"Magana kuma?"

"Ba Hausa ba, ba yaren Fon ba. Bakinta dai yana ta motsi. Kuma ba in'ina ko ɗaya. Yarinyar da ba ta iya gaishe ni sai ta yi kamar za ta shiɗe."

Da na yi shiru, da wataƙila maganar ta tsaya a tsakar gidanmu. Amma ni ce. Na ce, "Hajiya, ku me ya kai ku layin?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce yanke ta yi zuwa wajen masu tukwane. Na ce masu tukwane ai ba ta nan suke ba. Inna ta ce in fita. Hajiya ta sa takalminta a hankali, ta ce ita ta sauke nauyi, kuma Allah ya shirya 'ya'yan zamani. Kafin azahar labarin ya kai bakin masallaci.

Inna ta ɗauko littafin ta zazzage shi. Gashin tsuntsu guda ya faɗo, dogo, mai ratsin toka. Da ta buɗe kuma, don rashin sa'a, sai shafin mujiya, ido biyu kamar faranti suna kallonta. Ta yi salati, ta naɗe littafin a tsumma ta jefa saman kwaba. Da Auta ta dawo aka titsiye ta. Wa ya kai ki, wa ya kira ki, me kike ce masa. Yarinyar ta buɗe baki, harafin ya ƙi fita, haɓarta tana rawa, idonta a kafe. Inna ta dube ni ta ce, "Kin gani ko?"

Na ce, "Inna, tsoro ne. Ko ni kuka taru a kaina haka sai na kafe."

"Ke? Ke ko mala'ikun kabari sai kin ba su amsa."

Aka kawo rubutu, aka yi hayaƙi. Masu sayen shinkafa da suke ce mata malama suka koma kallonta ta gefen ido. Wata mata ta janye ɗanta da Auta ta zo wucewa. Wannan a gabana aka yi.

Laraba ta gaba na rufe kabin na kama hannunta na ce, "Mu je ki nuna mini."

Ba zan yi ƙarya ba, tun daga bakin layin na tsorata. Wari ne ya fara tarbarmu, na busasshiyar fata da wani abu mai kama da tsohon jini. Na ja hijabina na rufe hanci ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na yi lise, na san ƙashi ƙashi ne. Amma kan biri yana yi maka murmushi a kan tebur, ilimin sai ya tsaya a waje ya jira ka. Ita kuwa Auta tafiya take kamar tsakar gidanmu.

A ƙarƙashin wani tebur akwai keji na waya, an ɗora masa kwali. A ciki shaho ne, mai rai, bai kai kaza girma ba. Fiffikensa ɗaya ya saki. Ta tsuguna. Mai teburin, wani ƙato da ƙaramar rediyo a kunne, ya dube ni ya yi Hausar kasuwa.

"Ƙanwarki ne? Kullum yana kawo wa kayana abinci. Ni ban hana ba, ya rage mini aiki. Ki saya masa mana, in yi miki sauƙi."

Na ce ba sayayya ta kawo ni ba.

"Kowa haka yake cewa da farko."

Auta ta ja mini hijabi. "Yaya, duba ƙafar."

Na duba. Rawaya ce, mai ɓawo-ɓawo, yatsu uku a gaba ɗaya a baya, kowanne da baƙin farce a lanƙwashe. Ta ce na bayan nan shi ne mai kisa. Sai ta fara karanto shafin da ka, cikin Faransanci, layi bayan layi, tana nuna kowane abu a jikin tsuntsun: ga baki, ga ƙoƙon ido, ga gashin wutsiya. Maganar da Hajiya ta ji ke nan. Bita take yi. Ta samu wanda ba ya dariya in ta kafe, shi ya sa ba ta kafewa.

Tsuntsun ko kallonta bai yi ba. Hannunta yake kallo, ko da nama.

Haushi na ji ko tausayi, ban sani ba. Na ce ta tashi mu tafi. Muna fitowa daga layin muka yi kiciɓis da wasu mata biyu 'yan unguwarmu, ɗauke da kwandon tumatir. Suka dube ni, suka dubi inda na fito, suka gaishe ni da fara'ar da ta yi yawa.

Da yamma na kira Baba. Na ce gara ya ji daga bakina. Yana wani wuri ana sauke kaya, ina jin ƙarar inji. Ashe labarin ya riga ni, amma ya bar ni na yi bayani tun daga Tokpa-Hoho har keji. Ina gamawa na ji daɗi, na ce ai yanzu ya gane.

Ya ce, "Wato ita kaɗai take zuwa."

"E, Baba, amma..."

"Ba wanda ya aike ta."

"Ba kowa. Tsuntsun kawai take son gani."

"Ta saci naman uwarta ta kai masa. Ta zauna tana yi masa magana."

"Karatu take yi masa, Baba. Ku da kanku kuka ce in ta iya karatu..."

"Karatu. Ga malamai a lakwal ta kasa yi musu, ga ki ta kasa yi miki, sai tsuntsun masu tsafi."

Na yi ta magana. Na ce hoto ne, na ce littafin yara ne, na ce a ƙasar Turawa har kai yara ake yi su kalli irin waɗannan tsuntsaye. Ya ce shi ba a ƙasar Turawa ya haife ta ba. Muryarsa ba ta faɗa ba ce, kuma wannan ya fi tayar mini da hankali. Tsoro na ji a cikinta. Baba yana son Auta fiye da mu duka, kowa ya sani.

Ya ce, "Da a ce wani ne ya aike ta, da da sauƙi. Na san da wanda zan yi, ita kuma a ja mata kunne a wuce wurin. Amma yaro ya ɗauki ƙafarsa ya kai kansa irin wannan wuri, ba shi kaɗai ba ne. Ki ce wa Innarku ta haɗa mata kaya. In na sauka na yi lodi, da ita zan koma. Goggo ta san mai magani."

"Baba, saura kompozisiyon..."

"Lafiya ake nema, ba kompozisiyon ba."

Ya kashe.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Duk kamiyon da ya yi ƙaho a babban titi sai gabana ya faɗi, alhali na san kamiyo ba ya shigowa lungunmu. Na tura wa wani mutum kuɗi a lambar da ba tasa ba, sai da na yi ta roƙon mai lambar. Inna ta sayo jakar bakko ta ajiye a bayan ƙofa, kullum ta ƙara abu ɗaya: zane, sabulu, silifa. Ta ɗauki kakin lakwal ta riƙe, ta mayar kan igiya, ta ce can ba za a buƙace shi ba. Tana faɗa tana share ido da gefen zane. Na ce mata, "In ba ki so, ki faɗa masa mana." Ta ce, "Ke kin faɗa, me ya canza?"

Auta ba ta yi kuka ba. Ta dai daina cin abinci sosai, kuma in ta shigo ɗaki sai ta ɗaga kai ta kalli saman kwaba.

Na koma wajen madam, ko za ta kira Baba. Ta ce ita ma ta ga canji. Ranar nan yarinyar ta karanta rabin shafi a gaban aji, ta kafe sau da yawa amma ba ta zauna ba sai da ta kai ƙarshe. Ta ce ba ta yi mini alkawarin za ta ci ba, har yanzu rubutunta kamar kaji sun yi tono, amma in aka bar ta zuwa ƙarshen shekara akwai fata. Maganar kiran Baba kuwa, ta ce ita ba ta shiga harkar iska, ta taɓa shiga ta ga abin da ya biyo baya. Ban ga laifinta ba sosai. Na ɗan gani.

Wata safiya Auta tana ɗaura jakarta ta ce, ba ta kalle ni ba, "Yaya, ba wa-wanda yake ba shi nama."

Na ce ba ruwana. Da rana kuma na tsinci kaina a layin, da tsoka a leda. Kejin yana nan, kwalin yana nan, ba tsuntsu. Mai teburin ya ce an saya. Ban tambaye shi da rai ko ba rai ba, kuma na hana idona bin kan teburin. Na jefa wa wani kare naman. Da ta tambaye ni na ce an saye shi. Ta ce wa ya saya. Na ce wani mai gona, yana so ya kore masa ɓeraye. Ta ce da fiffike ɗaya ba zai iya ba. Na ce ta tafi ta yi alwala.

To, zuwana na biyu ma an gan ni. A Zongo ko tari ka yi a cikin rijiya sai an ji.

Akwai wani mai gyaran waya da ke nemana, shagonsa yana tsallaken titi, mutanensa har sun fara zancen zuwa gaisuwa. Ya zo kabin ya tsaya yana juya waya a hannu, ba kiredi yake so ba.

"An ce an gan ki a kasuwa."

"Kullum ana ganina a kasuwa."

"Ta wajen can ciki."

"Faɗi sunan wurin mana, ba ya cizo."

Ya ce shi bai yarda ba, tsohuwarsa ce take tambaya. Wai Hajiya mai turare ta ce ungulu ba ta jewar banza. Wai tun farko ma ita ta yi zargin yarinyar 'yar aike ce kawai, babbar ce ke neman wani abu, ko na kasuwa ko na aure, ta tura ƙaramar don kada a gane ta.

Na ce, "In asiri zan yi, a kanka zan ɓata kuɗina? Kai da ko caja ka gyara sai an dawo da ita?"

Ya yi dariyar dole ya tsallaka titi. Haushi ya cika ni. Na ɗauki mayafi zan tafi gidan Hajiya in wanke ta tas. Har na sa kwaɗo a kabin. Sai na tsaya da makulli a hannu, maganar Baba ta dawo mini. Da a ce wani ne ya aike ta.

Na buɗe kabin na koma na zauna.

Labari biyu ne ke yawo a unguwa, duka ƙarya. A ɗaya, Auta tana da iska, sai a ɗauke ta. A ɗaya, Auta lafiyarta ƙalau, yayarta ce 'yar banza. Gaskiyar kuwa na gwada ta a kan Inna, na gwada ta a kan Baba, kowane karo sai ta koma labarin farko, har ta ƙara masa ƙarfi.

Na san abin da na biyun zai ci mini. Mutanen mai gyaran waya ba za su zo ba, wannan ko a jikina, ko dai kaɗan. Mata za su riƙa ƙirga canjinsu sau biyu a gabana. Wanda ya fi duka shi ne Baba. Mutum ne da ko laya bai yarda a rataya mana ba. Zai iya yin shekara bai amsa gaisuwata ba. Zai iya cewa in bar kabin. Kuma akwai Allah, da zan tsaya in jingina wa kaina abin da ban yi ba, abin da ma ba na so a ambace ni da shi. Na yi ta juya wannan. Ni dai ba zan ce na yi asiri ba, wannan kalma ba za ta fito daga bakina ba. Zan ce ni na aike ta. In ya ce aiken me, in sunkuyar da kai. Sauran Zongo ta riga ta rubuta masa.

Ni ina da shekaru, ina da baki, na riga na yi nawa karatun, ba mai ƙwace shi. In aka ɓata mini suna ina nan a garin, zan iya zama in ga ƙarshen masu ɓatawar. Ita in ta hau kamiyon nan, shi ke nan.

Ban tabbata zai yarda ba. Ni ce na rantse masa a waya cewa ba wanda ya aike ta, zai iya cewa yanzu ne nake ƙarya, kuma ya yi daidai. Sai dai na ji muryarsa ranar nan. Mutum ne da ke neman wanda zai yi fushi da shi, don ya huta da tsoro.

Da la'asar Baba ya kira Inna ya ce zai kwana Bohicon, gobe kafin azahar yana gari. Na jira Auta ta dawo daga islamiyya, na ja ta bayan ɗaki na riƙe kafaɗunta.

"Gobe ko me kika ji na faɗa wa Baba, ki yi shiru. Ko ya tambaye ki, ki kafe."

"Me za-za ki ce?"

"Ba ruwanki. Kin iya kafewa ai, ki yi wadda ta fi ta kullum. Kasuwa kuma kin gama zuwa. Kina tashi daga lakwal, kabin za ki zo ki zauna ki yi mini karatu, ni ma ba zan yi dariya ba. Ba zan doke ki ba kuma."

Ta dube ni kamar ba ta yarda da na ƙarshen ba. Ni ma ban gama yarda ba.

Na yanke cewa ba zan jira shi a gida ba, inda Inna za ta sa kuka, Hajiya kuma ta leƙo ta katanga. Da sassafe zan hau kujera in sauko da littafin in kai shi kabin in kulle. Daga nan in tari zem zuwa garejin manyan motoci da ke bayan tashar jirgin ruwa, in zauna a bencin mai shayi har kamiyonsa ya shigo, in faɗa masa tun bai sauko da ƙafa ta biyu ba.